Yadda aka gano sankarar mahaifa mai bin jini

Yau ko a Damri ko Bakura, saurayi da budurwa sun ji labarin gwajin jinotayif saboda sikila, kuma tun 2024 Kano ta mayar da shi doka kafin a ɗaura aure. Abin da bai yaɗu ba shi ne, akwai sankarar da ita ma ake gado. Ba ta bakin mahaifa ake nufi ba, wadda ƙwayar cutar HPV ke haddasawa, aka kuma fara yi wa 'yan mata rigakafinta a Najeriya a 2023. Ita wadda ake gadon a shimfiɗar cikin mahaifa take tsira.

Wata tela ce ta fara bakin zaren. A 1895, a garin Ann Arbor na Amurka, ta shaida wa likitan da take yi wa ɗinki, Aldred Warthin, cewa ta san sankara ce ajalinta, domin ita ta cinye danginta, wasu ta ciki da hanji, wasu ta mahaifa. Haka kuwa aka yi. Warthin bai ɗauki zancen a matsayin camfi ba. Ya bi salsalar gidan, waɗanda kakansu ya yi ƙaura daga Jamus, yana rubuta wa ya haifi wa, me ya kashe wane, har ya wallafa sakamakon a 1913.

Daga baya maganar ta kwanta shekaru masu yawa. Henry Lynch, wani likita a Nebraska, ya tashe ta a 1966 da labarin wasu zuri'o'i biyu masu irin wannan ƙaddara. Manyan masana suka yi masa kunnen uwar shegu, don a lokacin an fi ɗora laifin sankara kan muhalli da abinci. Sai a 1993 aka gano ƙwayar halittar MSH2 da hannu a cutar, a 1994 kuma MLH1. Aikinsu gyara kurakuran da ake samu idan ƙwayoyin jiki suna rabuwa. In mai gyara ya lalace, kurakurai su taru har su zama ƙari. Uwa ko uba mai wannan lahani, kowane ɗa nasa yana da rabin yiwuwar gadonsa. Sunan Lynch cutar take amsawa yanzu, ko da yake a ganina telar nan ta fi cancanta.

Kusan 3 cikin 100 na masu sankarar cikin mahaifa ta wannan hanya suka same ta. Shi ya sa a 2020 Ingila ta ba da shawarar a gwada duk matar da aka samu da cutar: a fara da tsokar ƙarin da aka cire, sannan jini, sannan a gayyaci 'yan'uwa.

Gwajin yana da tsada, kuma ba a ɗakin shan magani na ƙauye ake yin sa ba. Amma matakin Warthin na farko bai ci ko sisi ba, mu kuwa ba ma rasa tsofaffin da suka san asalin kowa da ciwon da ya tafi da shi. Kunya ce kawai take rufe bakinsu idan ciwon na mata ne. Duk matar da ta ga jini bayan ta daina al'ada, balle in sankarar hanji ko ta mahaifa ta taɓa kashe 'yan gidansu da ƙuruciya, ta je asibitin Talata Mafara ko Gusau, ko na koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ta kuma faɗa wa likita tarihin gidansu ba tare da ɓoye kowa ba.