Fim Ɗin da Talauci Ya Yi wa Rana

Idan muka waiwayi tarihin silima a Amurka, za mu tarar cewa ba kullum ne kuɗi ke haifar da fim mai tsawon rai ba. Babbar shaidarmu ita ce Assault on Precinct 13, wanda John Carpenter ya fitar a shekarar 1976. Kimanin dala 100,000 aka kashe masa, aka kuma ɗauke shi cikin kwana 20 a birnin Los Angeles.

Tun farko burin Carpenter shi ne ya shirya fim ɗin kaboyi irin Rio Bravo na Howard Hawks, wanda ya fito a 1959. To amma ina kuɗin dawaki da tufafin mutanen da? Sai ya ɗauko ƙashin labarin ya dasa shi a wata unguwar talakawa ta zamaninsa. Shi ya rubuta, ya ba da umarni, ya tsara kiɗa, ya kuma tace hotunan.

Labarin bai da sarƙaƙiya. 'Yan daba sun harbe wata yarinya a gaban motar sayar da askirim. Mahaifinta ya kashe wanda ya yi harbin, sannan ya gudu ya fake a wani ofishin 'yan sanda da ake shirin rufewa. Nan take 'yan daban suka yi wa ginin ƙawanya, suka yanke wayar tarho da wutar lantarki. Da tura ta kai bango, Laftanar Bishop, wanda baƙar fata ne, ya yarda Napoleon Wilson, fursunan da aka yanke wa hukuncin kisa, ya riƙe bindiga su kare rayukansu tare. A nan ne zuciyar fim ɗin take: a daren da hukuma ta yi nisa, halin mutum ake dubawa, ba kaki ko ankwa ba.

Rashin kuɗi ne ya tsare labarin a gini guda da mutane kaɗan, wannan ƙunci kuwa shi ke hana mai kallo sakat. Amurkawa ba su kula da fim ɗin ba sai da ya sha yabo a bikin finafinai na Landan a 1977, abin da ya share wa Carpenter fagen shirya Halloween a 1978. A 2005 an sake shirya labarin da miliyoyin daloli, amma har yau na farkon ake nazari.