Tokar matsafan Adar

Idan aka yi zancen wuraren bautar mutanen dā, hankali kan tafi ga ginshiƙan farin dutse na ƙasar Girka, sai a ɗauka Adar ba ta da abin tonowa, tunda Aznan Buza da Keita da Madawa a gindin itace ko bisa dutse suke yanka. Girka kanta ta ƙaryata wannan zato. Babban wurin yankan gunkinsu Ziyus a Olimfiya tudun toka ne, tokar dabbobin da aka ƙona shekara da shekaru, ana kwaɓa ta da ruwan kogi ana yaɓawa. Marubuci Fausaniyas, da ya gan shi a ƙarni na 2, ya ce tsayinsa ƙafa 22. Jamusawan da suka soma haƙa a 1875 ba su iske tudun ba. Baƙar ƙasa suka samu, cakuɗe da toka da gutsattsarin ƙashi da ƴan gumakan dawaki da shanu na tagulla da yumɓu, kuma da su aka gane bauta a wurin ta girmi gine-ginen da ɗaruruwan shekaru.

Matsafar Tsumburbura ta Kano ma itace ce kewaye da katanga, Barbushe mai kula da ita kaɗai ke shiga, ana kawo baƙin bunsuru da baƙar kaza. An sare itacen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, amma gawayin narkar da tama da aka auna a Dala ya kai ƙarni na 7. A Adar, Djibo Hamani a littafinsa na 1975, da Nicole Echard da ta zauna da maƙera da ƴan bori, sun kwashi abin da ke bakin tsofaffi. Baki kuwa ya fi riƙe zamanin Agabba, wanda ya ci ƙasar a 1674. Abin da ya gabaci wannan yana ƙarƙashin ƙasa, sai an tono shi.

Wani zai ce wannan tono jahiliyya ne. Ina girmama wannan damuwa, amma auna ƙashi ba bauta ba ce, kuma da Larabci, da alƙalamin malami, labarin Barbushe ya iso mana. Tokar ƙarshe da aka zuba a wuri ma tana iya nuna lokacin da aka bar yanka aka kama salla. Wani kuma zai ce ciki ne gaba. Haka ne, sai dai zaizayar da ta sa aka buɗe aikin raya karkarar Keita a 1984 tana nan, kowace damina ƙoramu na yashe gindin duwatsu, tsofaffin da za su nuna wurin da yatsa kuma suna ta ƙarewa.