Karayar Arzikin Birnin Detroit da Kuɗin Fansho

Karayar arzikin Detroit ita ce mafi girma da wani birni ya taɓa yi a Amurka. Ranar 18 ga Yuli, 2013, birnin ya kai kansa kotun tarayya saboda bashin kusan dala biliyan 18 ya fi ƙarfinsa. Masana'antun motoci sun ja baya, jama'a suka watse, daga miliyan 1.8 a 1950 zuwa kimanin 714,000 a 2010, haraji kuma ya ƙafe.

Tsarin mulkin jihar Michigan, inda birnin yake, ya hana a rage fansho, amma alƙali Steven Rhodes ya ce dokar tarayya ce a gaba. Shirin sasanta bashi da aka amince da shi a Nuwamba 2014 ya zabtare kashi 4.5 cikin ɗari na fanshon ma'aikatan birni, ya soke ƙarin tsadar rayuwa. 'Yan sanda da 'yan kwana-kwana ƙarin kawai aka rage musu. Inda abin ya fi ciwo shi ne tallafin magani, wanda aka kusan share shi, ga tsofaffin da ba su da hannu a cin bashin.

Gidauniyoyi da gwamnatin jiha da gidan adana zane-zane na birnin sun yi alkawarin dala miliyan 816 cikin shekara 20, domin sauƙaƙa ragin da hana sayar da zane-zanen.