Ciwon Suga: Sunan da Aka Samo Daga Fitsari

Tun kafin a ƙera na'urar gwajin jini, kiyashi ne ke tona asirin mai ciwon suga. Likitocin tsohuwar Indiya sun lura akwai majinyatan da kiyashi ke yanyame fitsarinsu, sai suka raɗa wa cutar sunan da ke nufin fitsarin zuma. A Ingila, Thomas Willis ya rubuta a 1674 cewa fitsarin yana da zaƙi (ƙwarai kuwa, ɗanɗanawa ake yi a lokacin), sannan a 1776 Matthew Dobson ya ƙafar da shi, ya tarar da suga ya rage. Wato sunan cutar ya samo asali ne daga abin da ke fita daga jiki. Mu kuma da muka ji sunan, sai hankalinmu ya tafi kan sugan da ake zubawa a shayi.

A 1889, Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa wani kare fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, sai karen ya kamu da ciwon suga. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka tatso sinadarin insulin daga wannan gaɓa a Toronto ta Kanada, kuma a Janairun 1922 aka yi wa yaro Leonard Thompson allurarsa, ya farfaɗo. Aka ɗauka an gama.

Ashe da sauran rina a kaba. A 1936 likita Harold Himsworth na Landan ya nuna cewa majinyatan kashi biyu ne: waɗanda jikinsu ba ya samar da insulin, da waɗanda suke da shi amma jikin ba ya jin maganarsa. Na biyun su ne masu nau'i na 2, kuma su ne kusan tara cikin goma na masu cutar a duniya. Ka ɗauka kaya sun iso Kasuwar Kurmi, mai makulli yana tsaye, amma ƙofofin shaguna sun cije. Kayan za su jibge a hanya. Haka suga ke taruwa a jini, yana cin jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa a hankali, shekaru kafin mutum ya ji wani abu.

To me ke sa ƙofofin su cije? Akwai gado, akwai shekaru, akwai kuma teɓa da rashin motsi. A nan tarihin Koki, unguwar da ke cikin birnin Kano, yake da abin faɗa. Alhassan Dantata, wanda ya zauna a Koki har ya rasu a 1955, ya taso ne cikin fataucin goro, zamanin da ayari ke taka sayyada watanni zuwa Gwanja. Cimar mutanen lokacin gero ce da dawa, zaƙi kuwa sai zuma da rake da mazarƙwaila. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayari ya fara ja da baya. Yau tattaɓa-kunnensa, Aliko Dangote, shi ke da babbar matatar suga a Apapa ta Legas. Cikin zuriya huɗu kacal, birnin ya tashi daga tafiyar ƙafa da tuwon dawa zuwa adaidaita sahu, farar shinkafa, burodi, taliya da lemon kwalba. Jikinmu kuwa irin na kakanninmu ne.

Alƙaluma ma sun motsa. Binciken ƙasa na 1992 ya samu kashi 2.2 cikin ɗari na 'yan Najeriya da cutar. Nazarin da Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta a 2018 ya samu kashi 5.77, Arewa maso Yamma kuma kashi 3. A ganina wannan kashi 3 bai kamata ya kwantar mana da hankali ba, don da yawa ba su taɓa yin gwaji ba.

Ga inda sunan ke yin ɓarna. Mutum zai daina sa suga a shayi, ya zauna gaban malmalar tuwon shinkafa uku yana ganin ya kiyaye, alhali duk sitacin nan suga zai koma a jini. Wani kuma ya koma zuma, wai ita magani ce. Ita ma tana ɗaga sugan jini. Abin da ke aiki shi ne rage yawan tuwon, ƙara wake da ganye irin su zogale da rama, da tafiya. A wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2002, mutanen da ke dab da kamuwa suka rage nauyi, suna motsa jiki minti 150 a mako, sai haɗarin ya ragu da kashi 58. Ƙwayar metformin, wadda Jean Sterne ya fara ba masu cutar a Faransa a 1957, ta rage shi da kashi 31. Har yau da ita likitoci suka fi farawa, kuma ba a ajiye ta don an ji sauƙi.

Gwajin kuwa ɗigon jini ne daga yatsa, da safe kafin a karya. Idan na'ura ta nuna 7.0, ko 126 a ɗaya ma'aunin, ko sama da haka, sai a je asibiti a maimaita don a tabbatar.