Makarantun Haziƙai da Azuzuwan Zana: Yadda Lakwal Ta Rabu Biyu a Nijar

Matamaye, babban garin gundumar Kance a jihar Damagaram, yana kan hanyar da ta taso daga Takeita ta bi ta Ɗan Barto ta faɗa Daura har Kano. Ƙasa ce ta rake da gyaɗa da gero, kuma tana cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a Nijar. Ƙidayar 2012 ta samu mutum wajen 400,000 a gundumar, mafi yawansu yara da matasa. Duk watan Oktoba idan aka koma lakwal, wato makarantar boko, yaran da ake kawowa ajin farko sun fi ƙarfin ɗakunan da aka gina, sai a kafa rumfa. A Nijar kuma akwai wasu makarantu ƴan ƙalilan da gwamnati ta keɓe wa haziƙai, waɗanda ba a shigarsu sai da jarrabawar gasa. Mutane kan ɗauka cewa makarantar haziƙai sabon abu ne da aka ƙaro daga baya. Tarihi ya nuna akasin haka, domin zaɓen ƴan kaɗan ya girmi karatun kowa da kowa a Nijar da shekaru masu yawa.

Lakwal ɗin Nasara

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, shekarar da aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga, kuma birnin ya zama mazaunin mulkinsu na ƙasar daga 1911 har 1926 da aka mayar da shi Yamai. Tsarin makarantar da suka zo da shi sun riga sun gwada shi a Senegal, inda Gwamna Faidherbe ya buɗe wata makaranta a Saint-Louis a shekarun 1850 don ƴaƴan sarakunan da aka ci da yaƙi. Bukatar mai mulki ba ta wuce tafinta da magatakarda da malamin asibiti da malamin makaranta ba, saboda haka yara kaɗan sun ishe shi. Kwamandan zai aika wa sarki adadin yaran da yake so, dogarai su shiga gari su nemo su. Iyaye na ɓoye ƴaƴansu a rumbu ko a gona, sarakuna da yawa kuma suka riƙa tura ƴaƴan bayi da na talakawa a madadin nasu, don ana ganin lakwal hanya ce ta raba yaro da addininsa. A ƙasar da ke da makarantun allo a kowace unguwa, ba wanda ya ga ya rasa ilimi balle ya nema wurin Nasara.

Wanda ya shiga, matakai ne a gabansa masu ƙara tsukewa: makarantar ƙauye, makarantar yanki, babbar firamare, sannan makarantar William Ponty a Senegal, wadda ke karɓar zakarun dukkan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Kafin a buɗe babbar firamare a Yamai a farkon shekarun 1930, sai yaro ya je Wagadugu. Ta nan Bubu Hama ya bi, ɗan talaka daga Foneko, ya zama ɗan Nijar na farko da ya fito daga Ponty da shaidar malanta a 1929, daga baya ya shugabanci majalisar dokoki. Diori Hamani da Jibo Bakari su ma Ponty suka yi. Wato waɗanda suka karɓi ƙasar daga hannun Faransa da yawansu ƴaƴan wannan tankaɗe ne. A hayin iyaka ma haka Ingilishi suka yi, da makarantar Ɗan Hausa a Nasarawar Kano a 1909 da Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920. Ranar da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba, kuma babu ƙasar da ta kai ta ƙaranci a yankin.

Neman hanyar isa ga kowa

Sabuwar gwamnati ta gaji mutum wajen miliyan 3 da malamai ƴan ƙalilan, sai ta shiga gwaje-gwaje. An faɗaɗa makarantun Faransanci da Larabci, waɗanda aka fara da ta garin Sayi a 1957, don jawo hankalin iyayen da ke gudun lakwal. A 1964 aka fara koyarwa ta talabijin, ana watsa darasi daga Yamai, wani mai ɗan karatu yana kula da aji. Shirin ya yi suna a duniya, amma bai bazu ba, kuma ya mutu kafin 1980. A shekarar 1964 ɗin ne Abdu Mumuni, masanin kimiyyar da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa yanzu, ya wallafa littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya soki makarantar mulkin mallaka ya kuma nemi a koyar da yara cikin harsunansu.

Gwajin da ya fi kusa da Matamaye shi ne na 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da rubutu da lissafi cikin Hausa kafin a shigo masa da Faransanci. Binciken da aka yi daga baya ya nuna yaran irin waɗannan makarantu suna saurin kama karatu fiye da takwarorinsu. Duk da haka sunan gwaji bai bar su ba har shekaru da dama, ba su kuma yi yawa ba. Manyan ma'aikata, waɗanda Faransanci ne ya kai su inda suke, ba su cika kai nasu ƴaƴan can ba.

Kuɗin yuraniyom na ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kunce, ya sa an gina azuzuwa da kolejoji da dama. A lokacin, yaron ƙauye da ya ci sartifika ta ƙarshen firamare da jarrabawar shiga kolej yana da tabbacin gwamnati za ta riƙe shi da ɗan alawus, idan ya gama kuma aiki na jiransa. Ƙofar ƙunci gare ta, amma duk wanda ya samu shiga, ko ɗan wane ne, an ɗauke wa ubansa nauyi.

Shekarun tsuke bakin aljihu

Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya taru, Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka shigo da sharuɗɗansu. Shawararsu a fannin ilimi ita ce a rage abin da ake kashewa kan ɗaliban sama a mayar da shi firamare, a kuma raba aji biyu, wasu yara su zo da safe wasu da marece, malami ɗaya ya koyar da duka. Ƙungiyar malamai ta SNEN da ta ɗalibai ta USN suka ce ba su yarda ba. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy da ke Yamai, uku suka rasu. Wannan jini na cikin abin da ya kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991. Bayansa aka shiga shekarun yajin aiki da bashin albashi, har wasu shekarun karatu suka tafi a banza ba jarrabawa, ga kuma karya darajar sefa a Janairun 1994.

Cikin wannan hali ne aka haifi makarantun haziƙai na zamani. A tsakiyar shekarun 1990 aka buɗe Lycée d'Excellence a Yamai, mai ɗaukar waɗanda suka fi kowa maki a birbe, jarrabawar ƙarshen kolej, bayan sun sake yin wata gasa, da nufin samar da masana kimiyya. A 1996 kuma aka kafa makarantar soja ta yara, Prytanée, wadda ke zaɓen nata tun daga ƙarshen firamare. Hujjar a fili take: tunda ba a iya gyara lakwal duka a lokaci ɗaya, a tsame ƴan kaɗan a ba su malamai na gari da littattafai da ɗakin gwaje-gwaje, kada ƙasa ta wayi gari ba likita ba injiniya. Najeriya ta riga ta bi wannan hanya. Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, shekara ɗaya bayan shirin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa maƙil, gwamnatin tarayya ta kafa makarantar haziƙai a Suleja, Jigawa ma daga baya ta yi tata a Bamaina. A ƙasashen biyu, duk lokacin da makarantar kowa ta yi rauni, sai hukuma ta gina wa zaɓaɓɓu tasu.

Ambaliyar yara

Dokar ilimi ta 1998, da shirin shekara goma da aka fara a 2003, da azuzuwan shiri na musamman na Shugaba Tanja Mamadu, su suka buɗe ƙofar lakwal da gaske. Yaran firamare sun tashi daga wajen rabin miliyan a ƙarshen shekarun 1990 zuwa fiye da miliyan 2 cikin shekara goma sha kaɗan. Iyayen da kakanninsu suka ɓoye yara a rumbu, yanzu su ke zuwa wurin mai gari suna neman a kawo musu lakwal. Don a samu masu koyarwa da araha aka fara ɗaukar malaman sa-kai a kan wajen jika 35 a wata, da yawansu da horon ƴan makonni, daga baya aka mayar da su ƴan kwantaragi, har suka zama mafi rinjayen malaman firamare. Kwamitocin iyaye masu kula da makaranta, waɗanda aka fara ƙarfafawa a jihar Tawa a 2004 da taimakon Japan kafin a kawo tsarin Damagaram, su aka bar wa aikin samar da wurin zama.

Abin da kwamitin ƙauye ke iya ginawa shi ne ajin zana. Ana jira a gama girbi a samu kara, a kafa dirkoki, a kewaye da zana, a rufa sama. Don haka yaran wannan aji ba sa fara karatu tare da sauran a Oktoba, kuma hadarin farko na Mayu ko Yuni ne ke sallamarsu. A ciki za ka ga yara a zaune kan buhu ko kan rairayi, kowa da allonsa a gwiwa, na baya suna miƙa wuya don su hango abin da mushe, wato malami, ya rubuta, iskar hunturu tana shigowa da ƙura ta kowace kafa. Mushe yana magana da Faransanci, harshen da yaron bai taɓa ji a gidansu ba. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa a irin wannan aji yakan haddace abin da aka rera, ya maimaita daidai, a ƙara masa aji, ba tare da kowa ya gano cewa bai iya haɗa baƙi ba. Gwajin PASEC na 2014 ya sa Nijar a ƙarshen ƙasashe goma da aka gwada, inda fiye da 90 cikin 100 na yaran ajin ƙarshe ba su kai matakin karatu da ake bukata ba. A 2017 gwamnati ta yi wa ƴan kwantaragi jarrabawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki.

Sai kuma wuta. A Afrilun 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu. A Nuwamban shekarar aka sake yi a Maraɗi, aka rasa fiye da 20. A lokacin hukumomi sun ce akwai irin waɗannan azuzuwa wajen 36,000 a ƙasar. Gwamnatin Shugaba Bazum ta wancan lokacin ta yi alkawarin maye gurbinsu da gini, ta kuma fara makarantun kwana na ƴan mata, na farko a Kelle cikin gundumar Gure. Wannan wani irin zaɓe ne dabam, domin abin da ya duba shi ne nisan ƙauye da kolej, a ƙasar da binciken 2012 ya nuna kashi uku cikin huɗu na mata ana aurar da su kafin shekara 18.

Inda ake yin zaɓen gaskiya

Kujerun makarantun haziƙai ba su da yawa, kuma kuɗin da suke ci ko an raba shi ba zai gina azuzuwan da ake nema ba. Sun kuma fitar da likitoci da injiniyoyi da hafsoshi da ƙasa ke amfana da su. Matsalar tana wurin da gasar ke farawa. Kafin yarinya daga wani ƙauyen Kance ta zauna gasar shiga lise ta haziƙai, sai ta iya karatu a ajin zana, ta kai CM2, ajin ƙarshe na firamare, ta samu gidan da zai riƙe ta a Matamaye ko wani gari mai kolej, ta tsallake maganar aure, ta ci birbe da maki mai yawa, sannan labarin gasar ya iso ta a kan lokaci. Abokin takararta a Yamai, mai nisan kilomita wajen 900 daga Damagaram, wataƙila ɗan makarantar kuɗi ne da ke da malamin gida. Takardar jarrabawa ɗaya za a ba su, amma an daɗe da yanke hukunci tun a ajin farko, wato CI.

Sauye-sauye biyu na baya-bayan nan sun taɓa wannan wuri. An dawo da jarrabawar sartifika a 2024 bayan shekara goma da soke ta, abin da zai nuna wa kowace gunduma yawan yaranta da suka iya karatu da gaske a ƙarshen firamare. A Maris 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Ga gunduma irin Kance, inda kusan kowane yaro da Hausa ya tashi, wannan dama ce ta ɗauko abin da aka fara a Damagaram a 1973 a kai shi kowane aji, da littattafai da malaman da aka horar don haka. Idan yaro ya iya karatu a shekara biyun farko, malami zai iya gane haziƙi ko da aji ya cika, kuma makarantun haziƙai za su samu waɗanda za su zaɓa daga ƙasar duka, har da ƙauyukan da ba su taɓa tura kowa ba.