Gani ya kori ji: abin da bidiyon kiɗan rok ke gaya wa yaranmu

A bara, ana tsakiyar darasi, na karɓe wayar wani ɗalibina ɗan aji uku a kwaleji. Da aka tashi na kira shi na ce ya nuna mini abin da ya ɗauke masa hankali. Bidiyon waƙa ne: yara da kayan lakwal, an rufe musu fuska, suna tafe a jere har su faɗa injin niƙa nama, daga baya suka farfasa tebura suka cinna wa makarantar wuta. Na tambaye shi abin da waƙar ke faɗi. Ya ce, "Wallahi Malam ban ji ba, Ingilishi ne. Amma ai ga shi nan, cewa suke a ƙone lakwal."

Amsar nan ce ta sa na bi tarihin irin waɗannan bidiyoyi. Yaranmu da Faransanci suke karatu, Ingilishinsu bai kai su fahimci waƙa ba, don haka hoton ne kaɗai tafintansu. Ya kamata mu malamai da iyaye mu san halin wannan tafinta, inda yake faɗin gaskiya da inda yake ƙara gishiri.

Rok kiɗa ne na jita mai lantarki da ganguna, wanda ya bunƙasa a Amurka da Ingila tun shekarun 1950. Wanda ya saba jin Bombino ko Mdou Moctar ya san irin kukan jitar. A farko hoto bawan kalmomi ne. A 1965, a wani lungu na birnin Landan, an ɗauki Bob Dylan yana tsaye riƙe da manyan takardu, kowace da kalma daga waƙarsa "Subterranean Homesick Blues", yana yar da su ɗaya bayan ɗaya. Bai ma buɗe baki ba. Yana nuna cewa a kula da maganar, ko da yake da gangan aka rubuta wasu kalmomin ba daidai ba don zolaya.

Bayan shekara goma abin ya sauya. A 1975 ƙungiyar Queen ta fitar da "Bohemian Rhapsody", waƙa mai kusan minti shida, ta yi mata bidiyo don a nuna a talabijin. Fuskoki huɗu ne a cikin duhu, kuma duk sanda muryoyi suka yawaita sai fuskokin su ninku. Bidiyon bai ba da labarin waƙar ba, sautinta ya mayar abin kallo. Waƙar ta yi mako tara tana kan gaba a Ingila, kamfanoni kuma suka gane cewa hoto na sayar da faifai.

Waƙar da na kama a wayar ɗalibina ta ƙungiyar Pink Floyd ce, kashi na biyu na "Another Brick in the Wall", ta 1979. Roger Waters ya rubuta ta yana tuna makarantar da ya yi a Ingila, inda wasu malamai ke kunyata yara da gatse da izgili. Hoton da ɗalibina ya gani daga fim ɗin "The Wall" na 1982 aka yanko shi. A cikin fim ɗin, malami ne ya kama wani yaro yana rubuta waƙoƙi, ya karanta su da ƙarfi ajin ya yi masa dariya. Injin niƙan da gobarar duk a zuciyar yaron suke faruwa. A ƙarshe sai a gan shi zaune a kan bencinsa yana shafa hannun da aka doka. Wanda ya tura wa ɗalibina guntun ya yanke farkon da ƙarshen, sai wutar kawai ta rage. Ƙarfin waƙar ba wasa ba ne: a 1980 gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta ta, saboda ɗalibai masu ƙaurace wa makarantu sun mayar da ita takensu.

Ranar 1 ga Agusta 1981 aka buɗe tashar MTV a Amurka, wadda a lokacin take nuna bidiyon waƙoƙi dare da rana. Daga nan matasa suka fara ganin waƙa kafin su saurare ta, masu tace hoto kuma suka samu iko a kan ma'ana. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne "Jeremy" na ƙungiyar Pearl Jam. Mawaƙinsu Eddie Vedder ya karanta a jarida labarin wani yaro a jihar Teksas da ya kashe kansa a gaban ajinsu a watan Janairun 1991. Waƙar na magana ne a kan yaron da iyaye ba su kula da shi ba, ƴan ajinsu kuma suna tsokanarsa. A bidiyon 1992, dokokin tashar sun hana a nuna abin da yaron ya yi da bindigar, aka yanke wurin. Abin da ya rage shi ne yaro ya shigo aji, sai kuma ɗalibai a sandare da jini a rigunansu. Mutane da yawa suka ɗauka su ya harbe. Yanke ƴan daƙiƙoƙi ya mayar da wanda aka zalunta azzalumi, kuma sai a 2020 ƙungiyar ta saki cikakken bidiyon.

Wani lokaci mawaƙan ne da kansu ke ba hoto damar ya ɗauki wata hanya. Billie Joe Armstrong na ƙungiyar Green Day ya rubuta "Wake Me Up When September Ends" a kan rasuwar mahaifinsa a watan Satumban 1982, lokacin yana ɗan shekara 10. Amma bidiyon 2005 ba uba a cikinsa, ba maraya. Saurayi da budurwa ne, saurayin ya shiga soja aka tura shi yaƙin Iraƙi, ita kuma ta zauna tana kuka. Baƙin cikin rabuwa ɗaya ne, labarin kuwa wani ne daban. Wanda bai ji Ingilishi ba zai rantse waƙar yaƙi ce.

Da na gama haɗa waɗannan, na sake kiran ɗalibina, muka kalli cikakken wurin tun daga inda malamin ya ɗauki littafin yaron. Na fassara masa abin da ake faɗi. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ashe ba karatun suka ƙi ba, wulaƙanci suka ƙi." Ni ma jikina ya yi sanyi, domin na tuna sau nawa na karanta kuskuren yaro a gaban aji don a yi dariya, ina ganin gyara nake yi. Tun ranar na daina.

Karɓe waya ba ya goge abin da yaro ya riga ya gani, kuma gobe zai gani a fada wajen shan shayi. Shawarata ga ƴan uwana malamai da iyaye ita ce, idan kun tarar da yaro yana kallon irin wannan, ku zauna tare da shi ku yi masa tambaya uku. Me ka gani? Me waƙar ke faɗi, wa ya gaya maka? Cikakken ne ko guntu aka turo maka? In ba ku jin Ingilishi, malamin Ingilishi na makarantarsu zai iya fassara baitocin cikin minti biyar. Mu ne muka koya wa yaran nan cewa gani ya kori ji. Sai mu ƙara musu da cewa abin da suke gani a waya, wani ne ya zaɓa, ya yanka, ya jera kafin ya iso hannunsu.