Bashin Gida a Amurka: Tarihin Rikicin Masu Jingina da Kamfanonin Karɓar Biya

  

Ya ɗan'uwa mai karatu, da yawa cikinmu sun ji labarin durƙushewar tattalin arzikin duniya a 2008, shekarar da bankin Lehman Brothers ya rushe ranar 15 ga Satumba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aka kwashe tsakanin talakan da ya ci bashin gida da kamfanin da aka wakilta ya riƙa karɓar biya a hannunsa. Wannan shi ne maudu'inmu na yau.

Daga shekarun 1990, bankunan Amurka suka buɗe ƙofar bashin sayen gida ga mutanen da tarihin biyansu ke da rauni, da sharaɗin kuɗin ruwa mai yawa, gidan kuma ya zama jingina. Akasari ruwan yakan fara da sauƙi shekara 2 ko 3, sannan ya yi sama. Bankin da ya ba da bashin ba ya riƙe shi. Yakan sayar, a haɗa dubban basussuka a mayar da su takardun zuba jari, a sake sayarwa. Sai a ɗauki wani kamfani na daban ya riƙa karɓar biyan wata-wata yana miƙa wa masu jarin.

A nan gizo ke saƙar. Mai gida ba shi ya zaɓi wannan kamfani ba, kuma ba shi da ikon sauya shi. Ladan kamfanin ɗan kaso ne kaɗan daga bashin, amma tarar jinkiri da sauran kuɗaɗen da ake ɗora wa wanda ya gaza galibi aljihunsa suke shiga. Ke nan tuntuɓen mai bashi ya zama hanyar cin abincin wakili.

Abin bai daɗe a ɓoye ba. A 2003 kamfanin Fairbanks Capital ya amince ya biya dala miliyan 40, bayan hukumar kula da kasuwanci ta FTC ta zarge shi da jinkirta rubuta biyan da ya iso a kan lokaci domin ya ci tara, da kuma ɗora wa mutane inshorar gida alhali suna da tasu. A 2007 Farfesa Katherine Porter ta duba shari'o'i kusan 1,700 na waɗanda bashi ya karya, ta tarar a wajen kashi 40 cikin 100 kamfanonin ba su gabatar da ainihin takardar bashin ba. A 2010 Countrywide ya biya dala miliyan 108 kan zargin ƙara kuɗin ayyuka irin su duba gida da yanke ciyawa, yana ɗora wa masu bashi.

A ƙarshen 2010 asiri ya tonu gaba ɗaya. Wani ma'aikacin GMAC ya shaida cewa yakan sa hannu a takardun ƙwace gidaje kimanin 10,000 a wata, cikinsu har da na rantsuwa, ba tare da ya tantance abin da ke ciki ba. A Janairun 2011 babbar kotun jihar Masacusets ta soke gwanjon gidaje biyu da U.S. Bank da Wells Fargo suka yi, domin sun kasa nuna cewa jinginar tana hannunsu lokacin da suka sayar. A Fabrairun 2012 manyan bankuna 5 suka yi sulhu da gwamnatin tarayya da jihohi 49 a kan dala biliyan 25. Amma wanda aka riga aka raba da gidansa, abin da ya samu daga wannan sulhu bai kai dala 1,500 ba. Sai a 2014 doka ta fara aiki wadda ta hana soma ƙwace gida kafin jinkiri ya wuce kwana 120.

To, mene ne rabonmu a cikin wannan tarihi? Ku duba ƙarshen Suratul Baƙara. Aya ta 275 zuwa 279 sun haramta riba. Ta 280 ta yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Ta 282, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma wanda ake bi ta ɗora wa shifta. Ta 283 ta zo da hukuncin jingina. A Amurka an juya kowace ɗaya: ƙunci ya zama dalilin ƙari, kamar yadda Larabawan jahiliyya ke yi idan ajali ya cika, rubutu ya koma hannun mai bi shi kaɗai, shaida kuma ta zama ta zur.

Musulunci bai hana jingina ba. Manzon Allah (SAW) ya rasu sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Haka nan bai ba mai bashi lasisin taurin bashi ba, domin jinkirin mai hali zalunci ne. Sai dai malaman fiƙihu sun bayyana cewa jingina ba ta zama mallakar mai bi don kawai an gaza biya. Idan an sayar, ya ɗauki haƙƙinsa, ragowar ta koma ga mai ita.

Saboda haka, ya ku matasa, yanzu da manhajojin ba da bashi suka cika wayoyinmu, kada ɗayanku ya danna amincewa a kan yarjejeniyar da bai karanta ba. Ku tambaya: akwai ruwa a ciki? Me za a ƙara idan na makara? Wa zai bi ni, kuma ana iya sayar da bashin ga wani? Ku adana shaidar kowane biya. Wanda kuma Allah ya sa aiki a banki ko kamfanin karɓar bashi, ya sani sa hannunsa shaida ce, kuma za a tambaye shi a kanta ranar gobe.

Allah Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya wadata mu da halal.